Wai me ya sa Turawan nan ke kama kifi da gashin tsuntsu kuma su sake shi?

Telan_Barci

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gare ni amma kar a yi min dariya.

Jiya da daddare an ɗauke wuta na rufe shago da wuri, ina zaune teburin mai shayi nan Tudun Wada sai yaron shagona ya miƙo min waya wai Oga kalli ikon Allah. Bidiyo ne na wani dattijon Bature a Sikotlan, ya shiga kogi ruwa har ƙugu, da wani wandon roba da ya haɗe da takalmi ya zo mishi har ƙirji, duwatsun bayanshi fari fat da ƙanƙara, hucin bakinshi ma kana ganin yana tashi dan sanyi. A hannunshi sandar fatsa ce doguwa wadda ta ninka tsawonshi biyu ko fiye, yana ta wulwula zaren a iska kamar mai kaɗa bulala. To abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ba tana a ƙugiyar, ba fara, ba tuwo, ba komai na ci. Gashin tsuntsu ne kawai aka ɗaɗɗaure da zare mai launi, kuma ni tela ne na san aikin hannu in na gani, wlh ɗaurin nan ya yi kyau kamar aikin wuyan babbar riga.

Mutumin nan wai kwana uku yana shiga ruwan bai samu ko ɗan tsako ba. Ran na huɗu kifi ya kama, aka sha dambe kusan minti ashirin, kifin na tsalle sama yana faɗowa, da ƙyar wani mai hula da ke tsaye bayanshi ya sa koma ya tallabo. Kifi fari tas yana sheƙi kamar azurfa, a ido na zai yi kilo bakwai ko takwas. Mu duk mun ce alhamdulillahi yau akwai farfesu a gidan Baba. Kawai sai ya zare ƙugiyar, ya riƙe kifin cikin ruwa yana shafa shi kamar jariri, ya buɗe hannu kifi ya yi gaba. Har da hawaye fa. Mai shayi sai da ya ajiye ludayi ya ce a mayar mishi baya ya sake gani.

Tambayoyina: wane irin kifi ne wannan da suka ce sunanshi salmon, da zai bar abinci ya bi gashi? Shi wancan na bayanshi yaronshi ne ko mai gadin ruwa? Kuma uwa uba me ya sa ya sake shi, ba a ci ne ko kuwa tsafi ne? Wanda ya sani ya taimaka dan tun jiya muke musu a majalisa, wani ma cewa ya yi haɗin kwamfuta ne.

DanKawo_001

Hhhhh Oga tela ƙoshi ne kawai ba wani abu ba. Wanda bai san kuɗin kifin ƙanƙara guda ɗaya a Kasuwar Kawo ba ai dole ya yi wasa da kilo takwas. A kawo shi bakin gadar Kabala ya saki guda ɗaya a gaban mutane ya gani, kafin kifin ya juya wutsiya yara biyar sun faɗa ruwa.

Injiniya_Malali

Wa alaikumus salam Malam tela. Ba haɗin kwamfuta ba ne, ba kuma tsafi ba ne, na gani da idona har ma na taɓa. Na yi shekara biyu a garin Abadin na Sikotlan ina karatun harkar mai, kogin Dee ta cikin garin yake faɗawa teku, kuma malamin da ya duba aikina mayen abin ne, shi ya ja ni sau biyu. Bari in yi maka bayani iya abin da na sani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Shi salmon na Tekun Atlantika a kogi ake haihuwarshi, can sama cikin tsaunuka inda ruwa ke da sanyi da tsakuwa. Wajen Nuwamba zuwa Disamba macen ke haƙa rami da wutsiya cikin tsakuwa ta zuba ƙwai ta rufe. 'Ya'yan su yi shekara biyu ko uku a kogin, in sun kai kamar tsawon tafin hannunka sai jikinsu ya koma fari su gangara teku. Daga nan tafiya ce ta dubban kilomita, wasu wajen tsibiran Faro da tekun Norwe, wasu har gaɓar Girinlan, can suke cin ƙananan kifi da jatan lande su yi ƙiba. Bayan shekara ɗaya ko biyu ko uku sai su juyo gida, kuma ba kowane kogi ba, ainihin wanda aka haife su a ciki, da ƙanshin ruwan suke gane shi. Ni wannan kaɗai ya ishe ni tasbihi, mu da in an kai mu Rigasa da daddare sai mun kira waya a zo a ɗauke mu.

To ga inda abin yake: daga ranar da ya shigo kogi ya daina cin abinci. Kwata-kwata. Wani zai shigo a Fabrairu ya zauna har Nuwamba yana rayuwa da kitsen da ya tara a teku. Ka ga kenan ba yunwa ce ke sa shi cafke gashin nan ba, kuma su kansu Turawan da suka shekara ɗaruruwa suna abin har yau musu suke, wani ya ce haushi ne yake ji abu na gilmawa ta gabanshi, wani ya ce tsohuwar ɗabi'ar yarinta ce lokacin yana cin ƙwari, wani ya ce son sani ne kawai tunda ba shi da hannu sai baki. Shi ya sa mutum zai kwana uku bai samu ba, kana tallar abinci ne ga mai azumi.

Ita ƙugiyar gashin suna ce mata ƙuda da yarensu duk da yawanci ba ta ma yi kama da ƙuda ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan, dan haka ba za ka iya jefa ta yadda muke jefa fatsa da dalma ba. Zaren ne mai kauri da nauyi, shi ake wulwulawa ya ɗauki ƙudan ya kai shi. Sandar kan kai ƙafa 13 zuwa 15, da hannu biyu ake riƙewa. Wannan kaɗawar da ka gani kamar bulala sunanta daga kogin Spey ya samo asali, saboda bakin kogin akwai bishiyoyi da gangare, in ka kai zaren baya zai maƙale, sai suka ƙirƙiro yadda za a naɗo shi ta gefe a kan ruwa a cilla gaba ba tare da ya je baya ba. A ido kamar wasa, ni ranar farko sai da na kama hular kaina sau biyu da kunnen rigar sanyi na. Za ka jefa ne a karkace zuwa ƙetare, ka bar ruwa ya jawo ƙudan a hankali har ya dawo saitinka, ka yi taku ɗaya gaba, ka sake jefawa. Haka za ka yi tun safe har yamma. Kuma in kifi ya taɓa an hana ka fizga nan take irin namu, sai ka daure ka bar shi ya juya da kanshi ƙugiya ta zauna a gefen baki. Nan na yi asarar guda ɗaya tilo da ya taɓa kula ni, jinin Kaduna ya motsa na fizge da ƙarfi, dattijon da ke tare da mu ya kalle ni kawai ya girgiza kai bai ce uffan ba, wlh da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Irin dattijon nan ne wancan mai hular da ka tambaya. Gili suke ce mishi, ba yaron kowa ba ne, ɗan gari ne da ya san kowane dutse da kowane gurbi a yankinshi, da yawa gado suka yi. Kogin a yanke yake yanki-yanki, kowane da mai shi, dan a Sikotlan haƙƙin kamun salmon dukiya ce da ake saye da sayarwa da gado kamar gona, kana iya mallakar kamun ba ka mallaki ƙasar bakin ruwan ba. Sai da rubutaccen izini za ka jefa ƙugiya. Akwai wuraren ƙungiyoyin gari masu sauƙin kuɗi, akwai kuma inda kwana ɗaya ɗaruruwan fam ne kuma sai ka kama layi. Ko attajiri ne kai in gili ya ce tsaya nan to nan za ka tsaya, da ɗan gari akan ci gari. Manyan kogunan huɗu ne, Tay da Spey da Dee da Tweed, amma shi Tweed a kudu yake kan iyaka da Ingila ba cikin tsaunuka ba. Gidan sarautarsu na Balmoral a bakin Dee yake, Sarki Charles ma tun yana saurayi yake shiga ruwan nan. Kuma ranar Lahadi doka ta hana kamun salmon a Sikotlan gaba ɗaya.

Maganar saki kuma bari in yi sallah in dawo.

Telan_Barci

Kai Injiniya Allah ya ƙara ilimi, wlh na karanta wa 'yan majalisa duk sun yi tsit. Mai azumi kuma ake yi wa talla, hhh. Amma ka tsaya a daidai inda muke jira. Sannan gashin nan na wane tsuntsu ne? Dan akwai wani mai ɗigo-ɗigo da na gani na rantse kamar na zabuwa.

Jikan_Sarkin_Ruwa

Salam. Ni ban taɓa fita Najeriya ba amma a cikin kwale-kwale na tashi, kakana masunci ne mahaifina masunci ne, mun zauna bakin kogin Kaduna ta wajen Nasarawa kafin mu dawo Kinkinau. Ina karanta bayanin Injiniya ina murmushi dan rabin abin da ya faɗa mu ma muna da shi, suna ne kawai ya bambanta.

Gilin nan ai Sarkin Ruwa ne. A da ba ka isa ka sa taru a gurbi ba sai da izininshi, kuma akwai gurbin da ake rufewa shekara guda ba mai taɓawa sai ranar da aka buɗe a yi su na gayya. Har gobe haka ake a Matan Fada na Argungu, ai shi ya sa ake samun manya, wanda ya ci gasar 2020 giwan ruwanshi kilo 78 ne. Hawan kifi ma muna da shi, in ruwan farko ya sauko kogi ya yi ja za ka ga tarwaɗa na bin ruwa sama tana shiga fadama dan ta yi ƙwai, kuma kakana ba ya yarda a tare ta a lokacin, yana cewa wanda ya ci mai ciki ya ci na baɗi.

Maganar kifi ya bi abin da ba abinci ba kuwa Malam tela ba sai ka je Turai ba. Tsage in ka ja mishi guntun farin ƙarfe ko yankin cokali cikin ruwa mai gudu zai kawo cafka, mun sha yi muna yara. Kawara kuma ran da shinge ya fito bayan ruwan sama je ka bakin kogi da magariba ka gani, ruwan har tafasa yake dan tsalle, a lokacin ko ɓawon rake ka jefa sai ta taɓa. Mu dai ba mu mayar da shi ado ba ne saboda mai neman na cefane ba shi da lokacin ɗaura gashi.

Ni abin da ya tsaya min shi ne hawayen dattijon, dan na ga irinshi. Mahaifina kafin ya rasu, Allah ya jiƙanshi, in ya zauna yana lissafa kifin da yake kamawa a nan cikin garin Kaduna sai ka ɗauka tatsuniya ce, giwan ruwa wadda sai mutum biyu sun rataya a sanda, yauni mai tsawon mutum, ragon ruwa, bargi. Ni da na kama sana'ar me na tarar? Karfasa 'yan ƙanana da kurungu. Ruwan dattin masana'antu da na kwatoci ya shiga, masu yashi sun kwashe inda kifi ke ƙwai, wasu marasa tsoron Allah suna zuba maganin ƙwari su kashe uwa da 'ya'ya a dare ɗaya, da can magimfa ce ake dakawa ita ma dattawa faɗa suke balle wannan. Ga gidan sauro da aka raba dan maleriya an mayar da shi koma, ko ƙwan kifi ba ya wucewa. Ga dam a Shiroro tun 1990 yanzu ga na Zungeru, kifin da ke hawowa daga Neja ta ina zai bi? Ni yanzu Keke nake ja, kifin da nake kai wa iyalina na kandami ne wanda aka ciyar da abincin buhu. Dan haka DanKawo ka yi dariyarka amma ni ban ga hauka ba tukuna, ina jiran Injiniya.

Maman_Ilham

Ni dai tambayata ta kicin ce, dan ina sana'ar gasa kifi a Unguwar Rimi. Wata kwastoma ta taɓa kawo min wannan salmon ɗin daga Abuja in gasa mata, yanka biyu kacal kuɗinshi ya fi na kwandon tarwaɗa ta. Naman ja-ja kamar karas, ga mai, ba ƙaya sosai. Gsky ni bai burge ni ba, yaji ba ya shigarshi yadda yake shiga tarwaɗa kuma minti kaɗan ya bushe. To in ana sakewa wannan daga ina ya fito? Ko wanda ya ƙi komawa ne hhh.

Injiniya_Malali

Na dawo. Hajiya naki na kiwo ne, a cikin manyan kejin raga ake tara su a bakin teku a Norwe da Sikotlan da Chile, kamar kajin gidan gona. Jan launin ma a abinci ake sa musu sinadarin, shi na daji daga jatan landen da yake ci yake samu. Wanda aka kama da sanda a kogin Sikotlan doka ta hana sayar da shi tun 2002, ko ka kashe sai dai ka ci a gida. Kuma kin yi gaskiya ba ya son wuta da yawa.

Malam tela idonka bai yi ƙarya ba, zabuwa ce. Akwai wani tsohon samfurin ƙuda da ake kira Jock Scott, sunan gilin da ya fara ɗaura shi ne wajen 1850, a maƙogwaronshi gashin zabuwa ake sawa. A zamanin Sarauniya Victoria abin ya zama gasa, ƙugiya ɗaya sai a tara mata gashin tsuntsaye fiye da goma, dawisu, talotalo, tuji, aku na Kudancin Amurka, wani zakaran daji na Indiya, har da gashin jimina a gindi. Da na ji jimina sai na tuna ai a wancan ƙarnin ne fatake ke ɗaukar gashin jimina daga Kano su ƙetare Sahara zuwa Tarabulus a wuce da shi Turai, duk da yawancinshi hulunan mata aka yi da shi. Kifin da ba ya cin abinci ba ruwanshi da wannan ƙawa, na yau da gashin wutsiyar dabba da zaren roba ake yi kuma suna kamawa daidai. Amma masu ɗaurin ado har yanzu suna nan, har ta kai a 2009 wani saurayi Ba'amurke mai karatun busa sarewa a Landan ya fasa gidan tarihi na garin Tring ya sace gawar tsuntsaye 299 dan kawai gashinsu. Kai da kake tela za ka fi ni gane irin wannan cutar.

Yanzu maganar saki. Jikan Sarkin Ruwa ya riga ya ba da amsar, kifin ƙarewa yake. Suna rubuta lissafin kamun kowace shekara tun 1952. A 2010 an kama sama da 100,000 da sanda a Sikotlan, a 2023 bai kai 35,000 ba, a lokacin shi ne mafi ƙaranci tun da aka fara rubutawa, kuma ƙarshen shekarar aka sa salmon na Birtaniya cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Yawancin asarar a teku take, 'ya'yan na fita amma kaɗan ke dawowa, ruwa ya ɗumama abincinsu ya canza wuri, ga wata ƙwarƙwatar ruwa da ke yawa a kejin kiwo tana kama ƙananan in sun zo wucewa. A kogi ma zafi na damunsu, ruwa in ya haura digiri 23 sun fara wahala, abin dariya mu a nan 23 ai rigar sanyi muke nema. Shi ya sa a saman Dee suke aikin dasa bishiya miliyan ɗaya dan kawai ta yi wa ruwa inuwa. Dam ma suna da shi amma dubi bambanci, a Pitlochry da suka tare kogin Tummel sun gina wa kifi matakala mai ɗakunan ruwa 34 yana hawa ɗaya bayan ɗaya har ya tsallake, har da na'urar ƙirga su.

To a doka duk salmon da aka kama kafin 1 ga Afrilu dole a mayar, koguna da yawa kuma duk shekara ne ba a kashe ko ɗaya, yanzu sama da kashi 90 cikin 100 na abin da ake kamawa sakewa ake. Riƙewar da ka ga yana yi cikin ruwa ba shafa ba ce ta so kawai, yana fuskantar da kanshi ga ruwa ne ya farfaɗo. Kuma na Atlantika ba kamar 'yan uwanshi na tekun Fasifik ba ne da duk suke mutuwa bayan ƙwai, wasu kaɗan na komawa teku su sake dawowa.

Da ba haka ba ne fa. Mafi girman da aka taɓa kamawa da sanda a Birtaniya mace ce ta kama, Georgina Ballantine, ɗiyar wani gili, a kogin Tay a Oktoban 1922, nauyin kilo 29, sun fi awa biyu suna ja har dare ya yi. Ba da gashi ta kama ba, da ɗan kifi ne. Ba a sake shi ba, asibitin garin Perth aka kai marasa lafiya da ma'aikata suka cinye. Sama da shekara ɗari kenan ba wanda ya kama wanda ya fi shi.

Ra'ayina ni kaina, kuma na faɗa wa malamin nawa a gabanshi: akwai son kai a ciki. In da gaske tausayin kifin ake ji ai sai a bar shi ya huta gaba ɗaya, ba a soka mishi ƙarfe a wahalar da shi sannan a ce je ka na yafe maka ba. Ya yi dariya ya ce in masu sanda suka daina zuwa wa zai biya gili da masu gadin kogi da masu dashen bishiya, otal ɗin ƙauyen ma rufewa zai yi. Ban iya ba shi amsa ba amma har yau raina bai gama kwanciya ba. Wani abin kuma da ban shiga ba shi ne bikin buɗe kamu, a Tay 15 ga Janairu ake yi, da masu busa da komai, sai a tsiyaya wa kogin giyar wiski wai dan albarka.

Abu_Hanan

Jazakumullahu khairan, an ƙaru. Ɗan tsokaci kawai tunda Injiniya ya taɓo wajen. Farautar ruwa halal ce, Suratul Ma'ida aya ta 96 ta faɗa ƙarara. Inda malamai suka yi magana shi ne farauta dan wasa zalla ba dan ci ko wani amfani ba, da yawa sun karhanta saboda wahalar da rai ne ba dalili. Amma wanda ya fita nema ya kama ƙarami ko mai ƙwai ya mayar dan kar iri ya ƙare, ko hukuma ta sa doka dan maslaha, wannan daban ne. Ni ɗalibi ne, a tambayi manya.

DanKawo_001

Toh na janye rabin dariyar, rabi na nan. Jikan Sarkin Ruwa Allah ya jiƙan Baba. Amma Injiniya tsakani da Allah shekara biyu, zuwa biyu, kifi sifili? Ka ce dai wanka ka je yi.

Telan_Barci

Hhh DanKawo ka bar Injiniya ya huta. Na gode ƙwarai jama'a, musu ya ƙare a majalisa sai mai shayi da har yanzu yake cewa shi dai a ba shi kan. Ni kuma abin ya shiga raina ta wajen ɗaurin. Ina da zaren ado kala-kala a shago, maƙwabciyarmu na kiwon zabi na roƙi gashi ta ba ni cike da leda tana tambayata ko magani zan haɗa. Na gwada guda uku da asuba a kan ƙugiyar naira hamsin, biyu sun warware, ɗaya ta zauna amma ta fi kama da tsintsiya. Yaya Jikan Sarkin Ruwa, in na iya, kana ganin kifinmu zai kula ta?

Jikan_Sarkin_Ruwa

Amin na gode. Zai kula mana ƙanina, na ji ma Turawa na zuwa kogin Faro a Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, suna kama giwan ruwa da tsage da irin wannan gashin. Amma kar ka fara da manya. Ka yi ƙanana sosai kamar girman shinge, baƙi ko ruwan ƙasa, ka diga ɗan gam a kan ƙullin kar ya warware, mu jira ruwan farko mu gwada kawara. In tsage kake so sai ka sa fari mai ƙyalli kuma dole guntun waya siririya a gaban ƙugiyar, in ba haka ba haƙoranshi za su datse zaren kamar almakashinka. Sanda kuma gora ta isa, akwai mai sayarwa a Panteka. Ka ɗaura kamar goma ka ajiye, ranar wata Lahadi in ba ni da lodi zan biyo ta Kasuwar Barci in ɗauke ka, layin su wa kake?